Kifin da Na Zuba wa Baba Ishaya

A tashar Adjamé da ke birnin Abijan na fara gane cewa ba duk mai jin Hausa ne ɗan'uwana ba. Kwana huɗu muna bisa hanya, ƙafafuna sun kumbura, na sauko daga mota ina tangaɗi, sai ga wani siririn mutum da doguwar hula yana washe mini baki.

"Sannu da zuwa, ɗan gida! Daga ƙasar Katsina ko? Ai daga tafiyarka na gane. Kawo jakar in riƙe maka, je ka wanke fuska a famfon can."

Ni kuwa sakarai, jin Hausa a tsakiyar wannan hayaniyar Faransanci ya sa har ƙwalla ta cika mini ido. Na miƙa masa jakar da hannu biyu, har da godiya. Ko da na ɗago da fuska a jiƙe, babu shi babu dalilinsa. Kayana kala uku, da takalmin zuwa sujada, da ƙulin da innata ta ƙulle mini a leda, duk sun bi shi. Tir da wannan mutum, har yau idan na tuna haƙoransa sai raina ya ɓaci.

Kwana uku ina gararamba tsakanin motocin da suke kira gbaka, yaran mota na ihu a kaina, 'yan sanda na tare mutane suna tambayar kat desejur, wato takardar zaman baƙo, ni kuma ina laɓe-laɓe kamar ɓarawon akuya. Abin da ya fi damuna a kwanakin nan ma ba yunwa ba ne, wari ne. Kwatamin Adjamé idan rana ta take, ga ruɓaɓɓiyar ayaba, ga fitsari, ga ruwan kifi, sai in toshe hanci da gefen riga ina yunƙurin amai da cikin da babu komai. A gida an san ni da hanci. Innata takan ce ni ke fara sanin miya za ta lalace tun tana kan wuta.

Rana ta uku wata mata mai soya ayaba ta gan ni zaune a gefen rumfarta. Ba ta jin Hausa, ba na jin nata. Ta dube ni ta ce, "Yako." Daga baya na san sannu ke nan a bakinsu. Ta zuba mini ayaba a takarda, ta nuna wata hanya da ludayinta tana cewa, "Awusa, Awusa, Bracodi." Ban san sunanta ba, amma ban taɓa daina yi mata addu'a ba.

A unguwar Bracodi na samu Malam Idi, mutumin Maraɗi, wanda ya fi shekara ashirin a Abijan yana sayar da garba. Ga wanda bai sani ba, garba abincin talakan Abijan ne: acake, wato garin rogo da aka turara, a ɗora masa soyayyen kifin ton, wani ƙaton kifin teku, a yanka ɗanyen barkono da albasa, a marmasa ɗanɗano, a yaryaɗa man suyar. Mutanen Nijar ne suka riƙe sana'ar, kuma daga ɗan makaranta har ma'aikacin ofis babu wanda ba ya tsugunawa a gabansu. Malam Idi ya saurari labarina yana juya kifi, ya tambayi sunana, na ce Haruna. Ya ce in wanke kwanoni. Da azahar ta yi ya ɗauki buta ya miƙo mini ɗaya, na ɗauka aikin ya ƙare ke nan.

Na ce, "Maigida, ni Kirista ne."

Ya dube ni sama da ƙasa. "To sai me? Kai ka tsare rumfa ke nan in na tafi masallaci, na huta. Ni hannu mai tsabta nake nema."

Shi ya koya mini aikin, kuma farkon darasinsa hanci ne. Da sassafe mukan tsallaka zuwa wajen tashar jiragen kamun kifi ta ɓangaren Treichville, inda ake fito da ton a daskare, tauri kamar itacen gawo. Sai ya sa a tsaga masa ɗaya, ya kai hanci daidai ƙashin baya inda naman ya yi duhu, ya shaƙa. Ya danna da ɗan yatsa ya ga ko wurin zai dawo. Yakan ce, "Haruna, ton ba ya yafiya. In ya narke ya sha rana, ko ka soya shi har ya ƙone, dafin na nan. Pa de diskisiyon, babu gardama, a zubar." Da ya gano irin hancina sai ya bar mini shinshinar gaba ɗaya, yana yi mini tsiya wai karen farauta Allah ya aiko masa daga Najeriya.

Shi ne kuma ya ce da ni wata rana, "Akwai irinku a Treichville. Wani tsohon tela, Ishaya. Mutumin kirki ne, shi ke ɗinka mini kayan salla. Ranar Lahadi ka je, kar ka zauna nan kamar maraya."

Haka na soma. Ranar Lahadi sai in taka daga Bracodi in ratsa unguwar Filato, in hau jirgin ruwan da suke kira bato-bis, in sauka a tashar jirgi ta Treichville. Mu wajen talatin ne masu sujada da Hausa, a wani ajin makaranta da ake ba mu aro, muna zama a kan bencin yara gwiwoyinmu na dukan tebur. Ranar farko da na ji an ɗaga waƙa da Hausa, da ƙwarya da kacau-kacau kamar a ƙauyenmu, kasa buɗe baki na yi, sai hawaye. Baba Ishaya shi ne dattijon ikkilisiya. Gajere ne, mai furfura, yana da ciwon fuka, idan yana magana kana jin ƙirjinsa na 'yar ƙara. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun koma gida, shi ya ƙi komawa wai wa zai bar wa tumakin nan, wato mu. Bayan sujada ya ja ni shagonsa, ya ɗumama tuwon masara da miyar kuka a kan risho, ya zauna yana kallona ina ci.

"Ci, ɗana. Duk wanda ya zo garin nan sai ya yi kukan tuwo. Ni na yi shekara biyu ina yi."

Daga ranar ya zama ubana a Abijan. Shi ya ɗinka mini riguna biyu bai karɓi komai ba, shi ya raka ni aka yi mini takardar zama, shi ke karanta wasiƙun innata tare da ni yana tambayar lafiyar mutanen da bai taɓa gani ba.

A cikinmu akwai wani Luka, shugaban mawaƙa. Shi ma garba yake sayarwa, amma rumfarsa uku, ga agogo, ga takalmi mai ƙyalli, ga turare da ke riga shi shiga aji. Idan ya ɗaga murya yana lumshe ido sai ka rantse mala'ika ne. Ina ganinsa ina haɗiyar yawu, ba zan ɓoye ba.

Bayan shekara uku Malam Idi ya sallame ni da albarka. Ya ba ni tsohon kaskonsa da benci biyu, na kafa rumfata a unguwar 220 Logements, kusa da inda gbaka ke sauke mutane, gindin dogayen gidajen nan da wanki ke reto a kowace taga. Wuri mai kyau, amma masu garba huɗu ne a layin, kuma yankan kifinsu ya fi nawa girma. Ina zaune ina korar ƙuda, jama'a na wuce ni. Na kai kukana wurin Luka, ya yi dariya har da dafa kafaɗata.

"Ɗan'uwa Haruna, kai har yanzu baƙauye ne. Gobe ka same ni bakin tasha, in nuna maka inda ake sayen kifi."

Ba inda muka saba saye ya kai ni ba. Bayan wata katanga muka zagaya, inda wasu mutane ke tara kifin da aka ƙi, wanda ya narke ya kwana ya sha rana. Tun kafin mu karya kwana warin ya doke ni. Kai! Ban taɓa jin irinsa ba, wari ne mai maiƙo da ke manne wa mutum a maƙogwaro. Kifin ya yi laushi, cikinsa ya koma kore-kore, ƙudaje sun yi masa baƙi ƙirin. Na koma gefe na kelaya amai. Luka na tsaye yana taunar goro.

"Za ka saba. Ka ga wannan?" Ya ɗaga wata farar jarka. "Jabel ne, ruwan da mata ke wanke farin kaya. Ka zuba a baho da ruwa, ka jiƙa yankan a ciki, ka ɗauraye, ka matse lemun tsami, ka birkiɗa a fulawa, ka soya da tsohon mai. In ya ɗan yi ƙaiƙayi a harshe, ka ƙara musu barkono. Wa zai sani?"

Na ce, "Luka, wannan ai zunubi ne."

"Zunubi? Wuta na kashe komai. Kuma ka taɓa ganin na fasa ba da baiko a coci?"

Ina so in faɗi gaskiya a nan, don ba na son in ɗora wa Luka abin da yake nawa. Tun a wurin, kafin wani mahaluki ya ce mini kanzil, na ji muryar a zuciyata, sarai kamar ana kiran sunana daga bayan ɗaki: Haruna, kar ka taɓa. Na san muryar, tun ina yaro na san ta. Na ce mata sau ɗaya ne kawai, in ga yadda abin yake. Na ɗauki buhu guda na kai 220 Logements.

A bayan rumfa na yi wani ɗan lungu da buhuna da kwano, don kada maƙwabta su gani. Nan nake durƙusawa kowace hantsi, kaina cikin baho, tururin jabel na shiga idona da hancina, ina hawaye ina tari ina cuɗa ruɓaɓɓen nama da hannuna. Satin farko kullum sai na yi amai. Abincina ma a wani wuri nake saye, don ko kusa ba zan sa abin da nake soyawa a bakina ba. Ka ji rashin kunya! Ina ƙyamar abu, ina miƙa wa 'ya'yan mutane da murmushi, har ina ce musu bon apeti, wato a ci lafiya. Yankana ya zama mafi girma a layin, bencina ya cika, na sayi agogo.

Muryar ba ta bar ni ba da farko. In na durƙusa addu'a da safe, bahon nan ne ke zuwa gabana. In ana wa'azi ranar Lahadi, ko a kan me ake magana sai in ji da ni ake. Sai na koyi dabara: in gajarta addu'a, in yi sauri in ce amin kafin ta iso. Idan wani ya dawo yana cewa jiya fuskarsa ta yi ja, jikinsa ya yi ƙaiƙayi, kansa ya yi ciwo, sai in ce masa zazzaɓin sauro ne, in ƙara masa yanka.

Malam Idi ne ya fara zuwa. Ya zo duba ni da alheri, har da ƙullin barkono. Bai ko zauna ba ya tsaya cik, hancinsa na motsi. Ya zagaya bayan rumfa, ya ɗaga buhun, ya ga bahon. Ya tofar da yawu.

"Haruna, a kaskona? Kaskon da na ba ka? Kai da hancinka ya fi na kowa? Subhanallahi. Ka zubar da wannan ƙazantar yanzu, ka zo in ba ka kifi mai kyau ka fara da shi."

Na ce, "Maigida, zamani ya canza. Kowa haka yake yi."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ajiye barkonon a kan benci ya tafi. Ashe bai tsaya nan ba. Dattijon nan, Musulmi, ya bar rumfarsa ya hau jirgi ya tsallaka Treichville, ya samu Baba Ishaya a shago ya ce masa, ɗanku na hallaka kansa, ni ya fi ƙarfina, ko ku zai ji naku.

Ranar Lahadi bayan sujada Baba ya kira ni shago kamar kullum. Ya zuba mini tuwo, ya bari na ƙoshi, sannan ya rufe ƙofa.

"Ɗana, abin da na ji gaskiya ne?"

Na kau da ido, ya sake tambaya.

"Ubangiji bai yi maka magana a kai ba?"

"Baba, neman abinci ne."

"Ba shi na tambaye ka ba. Ya yi maka magana ko bai yi ba?"

Na ce ya yi. Ya gyaɗa kai, ƙirjinsa na ƙara. "To gode masa, tunda har yanzu yana yi. Wanda yake ƙauna shi yake tsauta wa. Abin tsoro shi ne ranar da za ka saurara ka ji tsit. Ka zubar da kifin nan, Haruna."

Na ce to. Da Litinin na koma bayan katanga.

Bayan sati biyu ya sake kirana, wannan karon da dattawa biyu a zaune. A ikkilisiyarmu, kamar a gida, wanda aka yi wa faɗa ya ƙi ji akan sa shi ƙarƙashin horo. Zai koma bencin baya, ba zai ci Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a sujada ba, ba zai yi waƙa a gaba ba, har sai ya tuba an karɓe shi. Kowa ya shigo ya gan ka a bencin nan ya san akwai magana. Da Baba ya faɗi haka sai jinina ya hau.

"Ni? Bencin baya? Luka fa? Shi da ya koya mini yana gaba yana lumshe ido, ni za a kunyata?"

Baba ya ce, "Luka mun kira shi jiya, ya zage mu ya fita, ya ce ba zai sake taka nan ba. Na yi shekara ina binsa. Yanzu da kai nake, ɗana. Bencin nan ba na kunya ba ne, wurin jinya ne. Zan zauna kusa da kai in kana so."

Na miƙe na kakkaɓe riga. Abin da na faɗa masa, har in mutu ba zan daina jin ɗacinsa ba. Na ce, "Baba, ka shekara talatin a Abijan, me ka tara ban da tsohon keken ɗinki da tari? Ka bar ni in nemi nawa." Na fita na bar ƙofa a buɗe.

Ban daina zuwa coci ba, kar ka ɗauka. Wayo na yi. Na samu wata babba a Adjamé inda ake yi da Faransanci, mutum dubu, babu wanda ya san sunana balle bahona. Ina zama a gaba, ina tafi, ina rawa, ina fita. Babu mai tambaya, babu mai tsautawa. Na ce yawwa, na huta da tsofaffi masu sa ido.

Kuma na huta ɗin. Wata shida, wata takwas, sai na lura na daina amai. Ina cuɗa kifin ina fito. Ina iya cin burodi a gefen bahon. Maƙwabciyata mai sayar da ruwan sanyi takan toshe hanci in na buɗe buhu, ni kuwa sai in yi mata dariya in ce iyayi ne. Muryar ma ta yi shiru. Ina durƙusawa in yi addu'a doguwa yadda nake so, babu baho, babu komai, fayau. Ni a haukata na ɗauka Allah ya gane uzurina ne.

Ran nan da tsakar rana, wata ranar Laraba, bencina cike da 'yan makaranta da direbobi, na ɗaga kai na ga Baba Ishaya yana saukowa daga gbaka. Ya rame. Yana tafe yana tsayawa yana maida numfashi. Ya zo ya zauna a ƙarshen benci, ya jingine sandarsa.

"Sannu da aiki, ɗana."

"Sannu, Baba."

"Yunwa nake ji. Zuba mini garba."

Na tsaya da cokali a hannu. Na ce, "Baba, bari in aika a sayo maka shinkafa."

"A'a. Abin da kake ba mutane shi nake so. In ya dace da 'ya'yan nan," ya nuna 'yan makarantar da haɓa, "ya dace da ni. Ko akwai abin da zai hana?"

Da Hausa muke magana, babu wanda ke ji a wurin. Kalma ɗaya ta isa. In ce, Baba kar ka ci, ruɓaɓɓe ne. Shi ke nan. Amma sai na ji wani taurin kai ya taso mini, na ce a raina wato tsohon nan ya zo ya ƙure ni ne, ya zo ya sa in durƙusa. Mutum nawa suka ci suka tashi lafiya? Na ɗebi acake, na zaɓi yanka babba, na yanka barkono da yawa, na ajiye a gabansa.

Ya dubi kwanon, ya dube ni. Ya wanke hannu a hankali. Ya cire hula, ya sunkuyar da kai, ya yi addu'a a fili, ya gode wa Allah don abincin, ya roƙi albarka ga hannun da ya shirya shi. Addu'ar ta yi tsawo, kuma yanzu na san dalili, jira yake yi. Ya ce amin, ya ɗago, ya sake kallona. Ni kuwa na juya baya ina juya kifin da ba ya bukatar juyi. Ina jin lokacin da ya kai loma ta farko. Ya cinye tas, bai bar ko ƙaya mai nama ba.

Bai kai ga tashi ba fuskarsa ta yi jawur, wuyansa ya yi ruɗu-ruɗu. Ya kama ƙirji. Ƙarar nan da na saba ji ta koma kamar ana jan zarto, bakinsa a buɗe, iska ta ƙi shiga. Ya zame daga benci. 'Yan makaranta suka watse da ihu, maƙwabciyata na kururuwa, wani direba ya taimake ni muka cusa shi a taksi. Kansa na bisa cinyata, leɓɓansa sun fara yin baƙi, ina ta kiran Yesu, Yesu, da bakin da ya kasa faɗin kalma ɗaya ɗazu.

A wani ƙaramin asibiti aka karɓe shi, aka yi masa allurai, aka sa masa abin shaƙar iska. Likitar ta fito ta tambaye ni da Faransanci me ya ci. Na ce garba. Ta ce a ina. Na ce a wurina. Ta dubi agogona, ta dubi hannuna da jabel ya cinye wa fata, ta yi tsaki ta koma ciki. Ban taɓa jin na tsani wani mutum kamar yadda na tsani kaina a barandar nan ba.

Sai rana ta uku ya iya magana. Na durƙusa a gefen gadon, na kasa ɗaga ido.

"Baba, don me ka ci? Ka san abin da ke ciki."

Ya yi murmushin wahala. "Ban zo don in ci ba, ɗana. Na ɗauka za ka riƙe hannuna. Har na kai loma baki ina cewa yanzu zai riƙe." Ya huta. "Da ka ƙi, sai na ga in na ture kwanon, gobe yaran nan ne za su ci."

Na kifa kai a katifa ina kuka kamar ƙaramin yaro. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya taɓa kaina.

"Gaya mini gaskiya. Tun daga inda na sauka a mota na jiyo warin rumfarka, ni da tsohon hanci. Kai ba ka ji?"

"Ba na ji, Baba."

"A nan fa?" Ya ɗora yatsa a ƙirjina. "Da ka ajiye mini kwanon, an ce maka wani abu?"

Na tsaya na duba, don ina so in ba shi amsar gaskiya. Na ce, "Ba a ce komai ba."

Sai ga hawaye a idon Baba Ishaya. Bai yi kuka don numfashinsa ba, bai yi don zagin da na yi masa ba, sai a nan. Ya ce, "Wannan nake tsoro, Haruna. Wannan ne ya sa na hau mota."

Daga asibitin na wuce rumfa. Kwana uku buhun na lungu a rufe. Tun daga nesa na ga mutane na ratsewa suna toshe hanci, maƙwabciyata ta kwashe kayanta ta koma tsallaken titi, tana hango ni ta fara zazzaga mini masifa. Na shiga lungun na buɗe buhun. Tsutsotsi ne ke tafasa a ciki. Na durƙusa na kai fuskata har tana taɓa su, na shaƙa da dukan ƙarfina. Ban ji komai ba. Kamar na shaƙi ruwan randa. Ni Haruna, karen farautar Malam Idi. A wurin na zauna cikin ƙazantar na ce, ya Ubangiji, ka yi mini faɗa, ka zage ni, ka doke ni, amma kar ka yi mini shiru.

Na kwashe komai na zubar, na fasa bahon, na wanke kaskon na mayar wa Malam Idi. Ya karɓa, sai da na juya zan tafi ya ce, "Kwanoni na can, in kana so." Na koma wanke-wanke kamar ranar da na zo.

Ranar Lahadi na hau jirgi zuwa Treichville. Na shiga aji ana cikin waƙa, ban jira kowa ya nuna mini ba, na wuce bencin baya na zauna. Wata bakwai na yi a kansa. Da aka sallamo Baba, sai ya sa aka kawo shi, ya bar kujerarsa ta gaba ya zo ya zauna kusa da ni kamar yadda ya ce, kafaɗarsa na taɓa tawa, ina jin kowane numfashi da yake ja da ƙyar. Bai sake taka keken ɗinki ba. Damina ta biyu bayan haka muka binne shi a Abijan. Mutane sun ce tsufa ne da fuka, ni dai na san abin da na zuba a kwano.

Muryar ta dawo, a hankali, can cikin watannin bencin baya, kuma ranar da na fara jin ta tana tsauta mini a kan wata 'yar ƙarya sai da na yi dariya da kuka a haɗe. Hancin ne bai dawo ba. Likita ya ce tururin jabel ya ƙone shi, babu magani. Yanzu ina gida, na yi aure, ɗana na fari na sa masa suna Ishaya, ina da 'yar rumfar abinci a bakin kasuwa. Ban san ƙamshin miyar matata ba, ban san ƙamshin ƙasa in an yi ruwan fari ba, ban taɓa jin ƙamshin kan 'ya'yana ba. Duk abin da zan dafa wa mutane, sai na kai wa matata Saratu ta shinshina tukuna. Wani lokaci naman ya yi kyau a ido, ja wur, na saye shi da tsada, sai ta yamutsa fuska ta ce, "Baban Ishaya, wannan ya juya." Ba na tambaya, ba na gardama. Ɗauka nake in je in zubar.